Akwai Mai Jiran Aikinka

'Ya'yana, ku da kuka karɓi takardar kama aiki a 'yan shekarun nan, ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko a asibiti, ko a makaranta, ko wajen ƙungiyoyin agaji, ko ma a shagon wani attajiri a Anka da Gummi da Bukkuyum, ina taya ku murna. Allah ya sa ku gama lafiya, ya sa abin da za ku ci a ciki ya zama halal. Na san wahalar da kuka sha kafin sunanku ya fito, na kuma san yawan sa'o'inku da ke riƙe da takardun karatu irin naku suna zaune a gida. Shi ya sa nake so mu yi magana tun ƙafarku ba ta saba da wata hanya ba, domin halin da ma'aikaci ya ɗauka a shekararsa ta farko, galibi da shi yake yin ritaya.

Za a riƙa kai ku bita, wata a Gusau, wata a Sakkwato ko Kaduna, a yi muku bayanin yadda ake ƙara ƙwazo da yadda ake auna himmar ma'aikaci. Ku saurara da kyau, akwai amfani a ciki. Gwamnatin tarayya ma ta kafa SERVICOM tun 2004 don ofisoshi su riƙa yi wa jama'a hidima a kan lokaci. Amma abin da shekarun aiki suka koya mini bai buƙatar allo ko majigi. Duk aikin da aka ɗora maka, akwai wani a bayanka da ba zai iya fara nasa ba sai ka gama naka. Wanda ya riƙe wannan a ransa, ba sai an tsaya a kansa ba. Kuma ba sai mun je Japan ko Jamus neman misali ba, a ƙasarmu abin ya faru, lokacin da yawancinku kuna firamare.

A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara ta hanyar da ba a saba gani ba. Yaro ya fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Iyaye suka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, wasu suka ce iska ce. Likitocin ƙungiyar MSF da ke yawon sa ido kan sanƙarau a watan Maris na shekarar, tare da ma'aikatan lafiyarmu, su suka lura cewa lissafin bai yi daidai ba. Ana ba da maganin zazzaɓi ba ya ci, ƙananan kaburbura kuma sai ƙaruwa suke yi. Da aka kai jinin yaran gwaji, sai aka ga gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake kawowa cikin gida a daka a niƙa yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsa ta bi tsakar gida da ɗakuna, yara masu rarrafe kuma hannunsu ba ya rabuwa da baki. Binciken da aka yi a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar waɗanda aka rasa ta kai 400 ko fiye. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu ladan haƙuri.

Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, kuma likitoci sun zo da shi. Sai dai ba amfani a ba yaro magani a mai da shi ɗakin da ƙasarsa ke cike da guba, domin abin da aka fitar da safe zai sake haɗiye shi da yamma. Saboda haka likita, da duk karatunsa, dole ya tsaya ya jira mai fartanya. Masana sun zo daga kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith, ma'aikatar muhalli ta jiha ta ba da mutanenta, sarakuna da hakimai suka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Amma hannayen da suka yi aikin na mutanen ƙauyukan ne, iyayenku da yayyenku.

Ku dubi yadda aka yi shi. A shiga gida da izinin maigida, a auna ƙasa da wata na'urar hannu, a zana gidan a takarda, a sa alama a duk inda guba take. A fitar da kayan ɗaki. Masu fartanya su kankare saman ƙasa kimanin santimita 5, a zuba a buhuna, a kwashe zuwa ramin da aka haƙa a bayan gari. Sai mai na'ura ya dawo ya sake aunawa. In dalma ba ta sauka ba, a sake kankarewa, ko da mutane sun gaji, ko da rana ta take. In ta sauka, a kawo ƙasa mai tsabta, wadda ita ma sai an auna ta kafin a yarda da ita, a shimfiɗa. Sannan a rubuta cewa gidan wane ya kammala, a wuce na gaba. Haka aka bi Dareta da 'Yargalma gida-gida a watannin Yuni da Yulin 2010, ana tsere da damina. Daga Oktoban shekarar zuwa Maris na 2011 aka bi Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru.

A wannan aiki ba wanda ya isa ya ce ya gama don kawai ya wuni a wurin. Na'ura ce ke cewa an gama. Mai fartanya ya san abin da aka sa shi, ya san yadda za a gane ya yi shi daidai, ya kuma san yaron da ke jira, domin wataƙila ɗan ƙanensa ne. Ina jin zafi idan na ji wani ya ce mutanenmu ba su iya aiki mai tsari ba, ko ba su san darajar lokaci ba. Mutanen da da yawansu ba su taɓa zama aji ba sun yi aikin da masana muhalli na duniya suke ba da labarinsa har yau. Waɗanda suka yi shi suna nan da ransu. Idan kun haɗu da su, ku zauna ku tambaye su.

Sai kuma Bagega, wadda ta fi sauran girma da yawan guba. An san matsalar, an san maganinta, ma'aikata sun riga sun ƙware, likitoci suna nan a Anka. Abin da ya rage kuɗi ne. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma kuɗin suka maƙale tsakanin ofisoshin Abuja wata da watanni, yara wajen 1,500 suna jira da guba a jininsu. Sai da ƙungiyoyi suka yi ta kuka, wasu matasa irinku, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka tada gangamin a ceci Bagega a intanet, sannan aka saki kuɗin a ƙarshen Janairun 2013, aka share garin a wannan shekarar. Ban zargi kowa da mugunta ba. Na tabbata yawancin waɗanda takardar ta kwana a teburinsu mutanen kirki ne masu 'ya'ya. Abin da ya faru shi ne ba su ga yaran ba, takarda kawai suka gani, takarda kuwa ba ta kuka.

To ku yanzu kuna zaune a irin waɗancan tebura, ko da naku ƙanana ne. Ba kowane fayil ne ke ɗauke da rai ba, amma kowanne yana ɗauke da mutum. Takardar ƙarin girman malamin makaranta ce, ko ta fanshon tsohon da ƙafarsa ta daina ɗaukarsa, ko buƙatar magani daga asibitin ƙauye, ko jerin sunayen waɗanda ruwa ya rusa wa gidaje, irin ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024. Akawun da ya tsallake suna ɗaya a irin wannan jeri don yana saurin tashi, gida guda ya hana wa buhun abinci, kuma ba zai taɓa sani ba.

Akwai kalmomin da za ku tarar suna yawo a ofis kamar gaisuwa: dawo gobe, oga ba ya nan, ba a kawo wuta ba, fayil ɗin bai sauko ba. Ina roƙonku ku ji nauyin “dawo gobe” kafin ta fita daga bakinku. A da, in ka ce wa mutumin ƙauye ya dawo gobe, kuɗin mota da wunin gona ka jawo masa. Yau kun san halin rashin tsaron da hanyoyinmu suke ciki. Wanda ya taso daga cikin daji a kan babur ya iso sakatariya, da addu'ar iyalinsa ya fito, kuma ba su da kwanciyar rai sai sun gan shi ya dawo. Idan ka ce masa ya dawo gobe alhali za ka iya gama masa yau, sau biyu ka ƙara ɗora shi a kan wannan hanya. In da gaske aikin ba zai yiwu yau ba, ka gaya masa dalili, ka karɓi lambar wayarsa, ka ce kada ya taso sai ka kira shi. Sannan ka kira.

Ranar aiki a ƙasarmu gajeriya ce, ko da takarda ta ce daga ƙarfe takwas zuwa huɗu. Daga an kira Azahar, ga zafi, ga yunwa, ga masu ɗauko yara daga makaranta, ƙarfin ofis ya ragu. Abin da kake da shi na gaske shi ne tsakanin takwas da ɗaya. Da safe ake kama fara, in ji magabata. Wanda ya iso ƙarfe goma, ya zagaya gaisuwa ofis-ofis, ya zauna gindin bishiya aka tattauna siyasa da farashin masara, ya riga ya cinye rabin wuninsa kafin ya buɗe durowa. Gaisuwa tarbiyyarmu ce, kada ku bar ta, amma ta tsaya a gaisuwa. Aikin da ya fi nauyi, wanda ranka ba ya so, shi za ka fara da shi tun kanka na sanyi. Ƙanana za su bi baya da kansu.

Ku sayi ɗan littafi na aljihu. Kafin ku tashi kowace rana, ku rubuta abu biyu ko uku da za ku gama gobe, da sunan wanda ke jiran kowanne. Kada ku cika shafi da abu goma sha biyar, ba za ku yi su ba, kuma ganin su zai kashe muku jiki. Wanda kuka gama ku ja masa layi. Ranar Juma'a ku buɗe ku duba abin da ya kwana mako guda bai motsa ba, ku tambayi kanku me ya riƙe shi. Sau da yawa za ku ga ba wani babban abu ba ne, sa hannun mutum ɗaya ne da kuke jin nauyin tunkara, ko tambayar da kuke jin kunyar yi.

Kunyar tambaya tana ɓata mana aiki ƙwarai. An tarbiyyantar da ku cewa yaro ba ya ja da babba, kuma haka ne. Amma idan shugabanka ya ba ka aiki ba ka gane ba, ka ce “to, ranka ya daɗe” ka fita, ka yi kwana uku kana yin abin da ba shi ake so ba, ba ladabi ka yi masa ba. Ladabin shi ne ka ce, “Yallaɓai, don kada in yi kuskure, kaza kake so, zuwa yaushe, kuma wa zan kai wa?” Shugaba mai hankali zai ji daɗi. Haka nan in ka ga ba za ka cika alkawarin ranar da aka sa ba, ka faɗa tun da sauran lokaci. Ɓuya da kashe waya a ranar da ake jiranka ya fi jinkirin kansa muni.

Ita wayar kuma, ba zan ce ku yar da ita ba, yanzu da ita ake tura rahoto, da ita ake jin labarin hanya. Amma na ga ma'aikaciya a tagar yankan kati, mai jego na tsaye da jariri a baya tana miƙa hannu, ita kuwa idonta na kan TikTok. Ba muguwa ba ce, ba ta ma san ta yi ba. Idan akwai mutum a gabanka, kifa wayar.

Bari in daɗe kaɗan a kan rubutu, domin nan ne gaskiyar ma'aikaci take ɓoye. A jikin firjin allurar rigakafi akwai takarda da ake rubuta sanyinsa safe da yamma, dole ya tsaya tsakanin 2 da 8 a ma'auni. Wanda ya daɗe a aiki, da ya kalli takardar zai gane ko gaskiya ce. Ta gaskiya za ka ga biro ya bambanta, hannu ya bambanta, wata rana 4, wata rana 7, wata rana an rubuta cewa wuta ta ɗauke an kwashe allurai zuwa akwatin ƙanƙara. Ta ƙarya kuwa tsaf take, biro ɗaya, hannu ɗaya, 5 daga farkon wata har ƙarshensa, an cike ta a zama guda daren da aka ji masu duba aiki na tafe. Mai cike ta yana ganin ya tsira. Amma idan allurar ta lalace, yaro arba'in za a yi wa, uwayensu su koma gida da imanin an kare su daga ƙyanda, alhali ruwa aka tsira musu. Haka rijistar ɗalibai take, haka littafin sito, haka rasit ɗin haraji a kasuwa. Ku rubuta abin da ya faru a lokacin da ya faru, ko da bai yi kyan gani ba. Da allin masu rigakafi a jikin ƙofa da tawada a ɗan yatsan yaro, gida bayan gida, aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da cutar shan inna ta daji. Da masu allin nan a gindin bishiya suka zauna suka cike takardunsu, da ba a kai ba.

Wata cuta kuma ita ce riƙe makulli. Mutum ya tafi ta'aziyya ko biki da makullin kabad a aljihunsa, ofis ya tsaya cik har sai ya dawo. Wani ma da gangan yake ɓoye yadda ake aikinsa don a ce ba a iya yi sai da shi. Zumunci wajibi ne, ba wanda zai hana ka jana'izar ɗan uwa ko sunan ɗan amininka. Amma ka sanar, ka bar makulli, ka gaya wa abokin aikinka inda ka tsaya. In an yi maka canjin wurin aiki, ka zauna ka rubuta wa magajinka abin da ke ƙasa, da wanda ake bin bashi, da wanda aka yi wa alkawari. Ita MSF ɗin da na ambata, bayan ta gwada jinin yara fiye da 8,000 cikin shekara goma sha ɗaya, ba tattara kaya ta yi ta tafi da dare ba. Ta horar da ma'aikatan jiha, sannan ta miƙa musu aikin a farkon 2022. Kuma wanda ba a iya maye gurbinsa, ba a iya ɗaga shi zuwa gaba, a nan zai tsufa.

Na san abin da wasunku ke faɗi a zuci: Baba, kana maganar ƙwazo, ka san nawa ne albashinmu? Na sani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka tashi, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuma ba ya kai mai iyali ƙarshen wata. Na san ofisoshin da ba kujera, makarantun da ba alli, asibitocin da ungozoma ke karɓar haihuwa da fitilar waya. Na san lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan a Satumban 2021, aiki ya koma na takarda da ƙafa. Ku nemi haƙƙinku ta ƙungiyoyinku, da murya ɗaya, ba tare da kunya ba. Kuma ban ce kowa ya jefa kansa cikin halaka ba. Idan hanyar wurin aikinka ba ta biyuwa, ka sanar da shugabanka a rubuce, ka nemi a ba ka aiki inda za ka iya zuwa har Allah ya kawo sauƙi. Abin da ba na so shi ne rashin tsaro ya zama mayafin da mutum zai lulluɓa da shi ya tare a Gusau, ba a ganinsa sai alat ya shigo, alhali abokan aikinsa suna zuwa kullum ta wannan hanyar. A farkon 2025 gwamnatin jiha ta sanar cewa tantancewa ta bankaɗo ma'aikatan bogi fiye da 2,000. Kowa ya yi tir. To wanda sunansa na gaske ne amma kujerarsa ba ta san shi ba, tazarar da ke tsakaninsa da su ba ta da yawa. Albashi ladan aiki ne, kuma da shi za ka sayi abincin da 'ya'yanka za su ci. Ku tambayi malamanku hukuncin wannan, ba za su ɓoye muku ba.

Yawancinmu manoma ne, kuma ina ƙarfafa ku ku yi noma ko wata sana'a, domin albashi kaɗai ba ya riƙe gida. A yi shi a fili. Gona bayan Asuba ko bayan La'asar, da Asabar da Lahadi, in kuma shuka ko girbi ya matsa, a ɗauki hutun shekara a lokacin, ai don haka aka yi shi. Ajin da malami ya bari ya tafi gona a watan Yuli, yara sittin ne suka wuni suna kallon allo babu komai a kai.

Za ku ji ana cewa aikin gwamnati ba na uban kowa ba ne, kada ka kashe kanka. Mai faɗin haka sau da yawa dattijo ne da aka taɓa zalunta, aka tsallake shi a ƙarin girma aka ba ɗan wane. Ku girmama shi, ku tausaya masa, amma kada ku ɗauki wannan darasin. Asibitin da ka yi wa riƙon sakainar kashi, nan za a kawo mahaifiyarka da tsakar dare. Batun na goro kuma, wanda ake miƙowa don takarda ta yi sauri, ku guje shi tun ranar farko. Wanda ya saba karɓa, a hankali zai fara jinkirta aiki da gangan don a miƙo, daga nan kuma ya gama lalacewa, mutane suna gaishe shi a fili suna yi masa Allah ya isa a zuci.

Kada ku daina koyo. Wanda ya iya kwamfuta, ya iya tsara lissafi a Excel, ya iya rubuta wasiƙa mai tsabta da Hausa da Turanci, shi ake nema idan aiki ya taso, kuma daga nan ake sanin mutum. Ku 'yan mata musamman, malamai da ungozomomi da ma'aikatan jinya, akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ba, akwai maganar da mace ba za ta gaya wa kowa ba sai ku, don haka iliminku yana isa inda namu ba ya isa. Kuma kada wani ya ce muku daga nan ba a zuwa ko'ina. Mai martaba Sarkin Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, shi ne Babban Alƙalin Babbar Kotun Birnin Tarayya Abuja kafin ya bar kujerar a 2013 ya dawo gida ya riƙe sarauta.

Wata rana, in Allah ya yarda, ku ne za ku zama shugabanni, wasunku ma tun yanzu akwai mutum biyu ko uku a ƙarƙashinsu. Ku tuna da abin da ya sa mai fartanya ya yi aiki mai kyau a Dareta: an gaya masa abin da ake so dalla-dalla, an ba shi kayan aiki, an auna aikinsa da ma'auni ɗaya da na kowa. Ku riga na ƙasa da ku zuwa. Wanda ya yi daidai ku yaba masa a gaban mutane, wanda ya yi kuskure ku ja shi gefe. Ku san sunan masinja da mai shara da maigadi, ku tambayi lafiyar iyalinsu. Idan lokacin cike takardar auna ƙwazo ta shekara ya zo, kada ku ba kowa maki ɗaya don gudun ɓacin rai, domin yin haka zalunci ne ga wanda ya wuni yana aiki, kuma shekara mai zuwa shi ma zai koma gindin bishiya.

Gobe in Allah ya kai mu, idan kun isa wurin aiki, kafin ku zauna hira, ku ɗauko takardar da ta fi daɗewa a kan teburinku, ku duba sunan mai ita, ku gama masa. In ba ku da ikon gamawa, ku kai ta da ƙafarku wurin mai iko, sannan ku kira mai ita ku gaya masa inda ta kwana, kada ya sake hawa hanya a banza. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a fita da dawowa, ya zaunar mana da Zamfara lafiya.